Zan iya taka Kungsleden da tanti a hutun Disamba?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Umeå da ke ƙasar Suwidin, shekarata ɗaya da rabi da zuwa. A watan Yulin da ya wuce na yi kwana huɗu a kan hanyar Kungsleden, na ji daɗinta ƙwarai. Yanzu ina so in yi amfani da hutun Kirsimeti in taka ta tun daga Abisko har Hemavan, ni kaɗai, ina kwana a tanti. Na sayi babbar jaket da takalmi mai kauri. Me kuma ya rage?

Amsa: Ƙanina, abin da ya rage kusan komai ne, na farko a ciki kuwa shi ne ka sauya wata. Kada ka je a Disamba, kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka ɗauko hanyar gaba ɗayanta a karon farko. Na faɗa maka haka tun daga bakin ƙofa don kada ka karanta sauran bayanin kana zaton tafiyar da ka tsara nake shirya ka dominta. Wata daban nake so ka yi, wadda za ka dawo ka ba da labarinta da yatsunka ashirin cif.

Hanyar da ka taka a Yuli da wadda za ka tarar da hunturu suna kawai suka haɗa. Kungsleden, wato Hanyar Sarki, ta kai kimanin kilomita 440 daga Abisko zuwa Hemavan. Ƙwararren da ya saba yakan cinye wajen wata guda a kanta. A Abisko kuwa, daga farkon Disamba zuwa farkon Janairu rana ba ta leƙowa sam. Abin da za ka samu wani haske ne shuɗi-shuɗi na 'yan awoyi da tsakar rana, kamar tsakanin magariba da isha'i a gida, sai duhu ya sake rufewa. Ɗakunan kwana na ƙungiyar masu yawon buɗe ido ta Suwidin, STF, waɗanda ka gani cike da mutane a Yuli, a rufe suke a lokacin. Ba mai gadi, ba kanti, ɗaki ɗaya kawai ake bari a buɗe saboda wanda tsautsayi ya kawo. Tsakanin Kvikkjokk da Ammarnäs ma ƙungiyar ba ta da ɗakuna ko da wane lokaci ne. Dusar ƙanƙarar farkon hunturu ba ta gama zama ba, laushi gare ta kamar garin alkama, ka taka ka nutse har cinya. Kuma ba wanda ya riga ka wucewa balle ya daddale maka hanya.

Sanyin kansa kuma ba na wasa ba ne. A farkon Janairun 2024 an auna digiri 43.6 ƙasa da sifili a kusa da Kvikkjokk, garin da hanyar ta ratsa ta cikinsa. Sanyi mafi tsanani da hukumar yanayi ta ƙasar ta amince da shi, digiri 52.6 ƙasa da sifili, a Vuoggatjålme aka auna shi a Fabrairun 1966, nan ma ba nisa da ɓangaren kudu na hanyar. A irin wannan sanyi roba karyewa take kamar busasshen kara, batirin waya ya mutu kana kallo, ƙarfe ya manne a fatar hannu.

Ga abin da zan ba ka a madadin haka. Ka jira tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Afrilu. Ɗakunan STF na arewacin hanyar sukan buɗe daga ƙarshen Fabrairu zuwa wajen ƙarshen Afrilu, ka duba ranakun bana kafin ka yanki tikiti. Wajen 20 ga Maris dare da rana sun daidaita, zuwa tsakiyar Afrilu kana da hasken kusan awa 16. Dusar ta danne, ƙanƙarar tafkuna ta yi kauri, akwai sawun mutane. Ka ɗauki yankin Abisko zuwa Nikkaluokta, kimanin kilomita 105, a kwana bakwai, ka ƙara kwana biyu na ko-ta-kwana. Zangon farko Abiskojaure, wajen kilomita 14 cikin dajin ƙananan itatuwa. Na biyu shi ne mai tsawo, wajen kilomita 21 zuwa Alesjaure, a nan za ka bar itatuwa a baya ka fita fili fetal. Daga nan 13 zuwa Tjäktja, sai ka haye mashigar dutsen Tjäktja mai tsayin mita 1,150, wurin da ya fi ko'ina tsayi a hanyar, ka gangara Sälka, 12. Singi 12, masaukin Kebnekaise 14, sannan 19 na ƙarshe zuwa Nikkaluokta inda mota ke kai mutum Kiruna. Wanda ƙafarsa ta gaza a wannan na ƙarshen yana iya biyan kuɗi babur ɗin ƙanƙara ya kai shi.

Ka lura ban ce ka taka da ƙafa ba. Takalmin nan mai kauri da ka saya zai yi maka amfani a cikin gari. A kan dutse siki ake hawa, wato katakon nan da ake ɗaurawa a kowace ƙafa ana sulɓewa a kan dusa, irin wanda suke kira fjällskidor, dogo mai ƙarfe a gefe, da fatar da ake manna masa a ƙasa idan za a hau tudu. Akwai faffaɗan takalmin dusa da wasu ke ɗaurawa, yana aiki, sai dai tafiyar da mai siki zai yi a awa biyar kai sai ka yi ta a takwas, kana jiƙe da gumi.

Gumin nan shi ne asalin maganar, don haka bari in daɗe a kansa. Mu da muka tashi da sanyin hunturun gida abu ɗaya muka koya: in ka ji sanyi ka ƙara riga. Dabara ce mai kyau ga mai zaune a bakin wuta a Kano ko Damagaram. Ga mai jan kaya a kan tudu a digiri 15 ƙasa da sifili kuwa, ita ce hanyar halaka. Jikin mai tafiya murhu ne. Ka lulluɓe shi da babbar jaket, cikin minti ashirin bayanka ya jiƙe. Ba za ka ji komai ba muddin kana motsi. Da ka tsaya shan shayi, ruwan nan da ke cikin tufarka zai fara zuƙe zafin jikinka, don jiƙaƙƙiyar tufa tana kwashe zafi ninkin-ba-ninkin fiye da busasshiya. A can kuma ba rana mai busar da kaya. Abin da ka jiƙa ran Litinin, in a tanti kake kwana, da shi za ka kai Juma'a, sai dai ya koma ƙanƙara.

Ni da kaina na sha wannan darasi. Fitata ta farko na sa singileti na auduga a can ciki, irin wanda muka saba, na ɗora ulu a kai, na ɗora jaket. Muna hawa tudun da ke bayan Abiskojaure ina jin kaina kamar zaki. Muka tsaya cin abinci a bayan wani dutse. Kafin in gama kofin shayi ɗaya haƙorana sun fara kaɗawa, singiletin ya manne a bayana kamar an shimfiɗa mini ɗanyen kifi. Wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke cikin ayarinmu ta dube ni, ta ja wuyan rigata ta taɓa, ba ta ce uffan ba sai ta nuna mini jakata. A tsakiyar fili, cikin iska, na tuɓe har fata na cire shi na sa ulu. Minti ɗaya na azaba. Da yamma na ciro singiletin daga jaka, ya sandare ya zama kamar faranti, har ana iya tsayar da shi.

To ka raba kanka da auduga gaba ɗaya, har kamfai da safa. A jikin fata ulu, mai laushin nan da ba ya ƙaiƙayi. A kansa wata rigar ulu ko ta roba mai gashi-gashi. A waje riga da wando marasa kauri masu tare iska, da hular da ke haɗe da rigar wadda za ta rufe har gefen fuska. Shi ke nan kayan tafiya. Babbar jaket ɗinka a saman jaka take zama, kana tsayawa ka zura ta a kan komai tun kafin ka ji sanyi, za ka tashi ka cire ta. Da safe in ka fito ka ji daɗin jikinka kana tsaye, kayan sun yi yawa. Ya kamata minti goman farko ka ɗan ji sanyi yana cizonka. In ka ji gumi na shirin tsatsowa ka buɗe zif, ka cire hula, ko ka rage sauri. Mutanen can tafiya suke yi kamar ba sa so, amma ba sa tsayawa, kuma su ke riga kowa isa.

Hannu da ƙafa su ne 'yan gaba-dai wajen lalacewa. Safar hannu mai yatsu ba ta isa ba. Siririya ta ulu a ciki don ɗaure igiya da kunna risho, sai babbar da ke haɗe yatsu huɗu wuri ɗaya a kai, da igiya a wuyan hannu. Ka ajiye wata babbar a jaka, don iska na ɗauke guda ka shiga uku. Takalmin siki ya zama da sarari, yatsu na motsi a ciki da safa biyu. Matsattsen takalmi ya fi siririyar safa cutarwa, saboda jini yake tarewa. Wasu kan sa leda tsakanin siririyar safa da mai kauri don kada gumin ƙafa ya jiƙa takalmin. Ƙafar kan yi wari, amma dabarar tana aiki, ni ma ina yi in tafiyar tanti ce.

Akwai abin da ya shafe mu musamman wanda littattafansu ba su cika faɗa ba. Binciken likitocin sojan Birtaniya da na Amurka ya nuna cewa sojoji 'yan asalin Afirka sun fi takwarorinsu Turawa kamuwa da raunin sanyi a hannu da ƙafa. Saboda haka in abokin tafiyarka ɗan ƙasar ya cire safar hannu yana gyaran kaya, kada zuciya ta ɗebe ka ka kwaikwaye shi. Sannan alamar da ake koya musu ita ce fata ta yi fari. A fatarmu farin ba ya fitowa haka, wurin toka-toka yake yi, ya dushe, ya yi tauri kamar kakin zuma. Ka gaya wa abokan tafiyarka wannan tun a jirgin ƙasa, don su ne za su ga kuncinka da hancinka, kai ba za ka gani ba. Yatsan da ke zafi yana raye. Wanda ya daina zafi alhali ba ka ɗumama shi ba, shi ne abin tsoro. Tsaya nan take, ka cusa hannun a hammata, ƙafa kuma a cikin rigar abokinka, a kan fatar cikinsa. Kada ka murza, kada ka goga dusa a kai, kada ka kara a wuta, don naman da ba ya ji ƙonewa zai yi ba ka sani ba. In ya riga ya sandare har ciki, a ruwa mai ɗumi na digiri 37 zuwa 39 ake narkar da shi, kuma sai an tabbata ba zai sake daskarewa ba. Narkewa sannan a sake daskarewa shi ke kai mutum ga yankan yatsa.

Sai iska. Ma'aunin sanyi kaɗai ba ya gaya maka gaskiyar rana. Digiri 25 ƙasa da sifili ba iska, rana na haskawa, wallahi tafiya ce mai daɗi. Digiri 20 ƙasa da sifili da iskar mita 11 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 40 a awa, fatarka za ta ji shi kamar 34. Hasashen yanayi na hukumar SMHI da mita a daƙiƙa yake ba da iska, ka saba da karanta shi haka. A ƙa'idata, in an ce za ta wuce 12 a fili, sabon shiga ya zauna a ɗaki ya faskara itace. Iskar kuma ba sanyi kaɗai take kawowa ba, tana ɗebo dusar ƙasa ta cika sarari da ita har sama da ƙasa su zama abu guda. Ka tuna ƙurar hunturu mai kauri wadda ke hana jirgi sauka a Kano, ka mai da ita fara fat, ka sa ta gudu. Mutum na tsaye sai ya faɗi, don ido ya rasa abin kamawa.

Hanyar hunturu da jajayen alamu masu siffar X a kan dogayen sanduna aka yi mata shaida, kusa-kusa da juna. Dokar mai sauƙi ce: ba ka barin sanda sai ka hango ta gaba. In ba ka hango ta ba, nan tafiya ta tsaya. Shi ya sa ko ɗaki-ɗaki kake bi, dole jakarka ta ƙunshi shebur, tabarmar roba, jakar barci, da wani babban buhu mai tare iska da suke kira vindsäck, wanda mutum biyu ko uku ke shiga su zauna. A Fabrairun 1978 guguwa ta rutsa da mutum tara a duwatsun Anaris da ke Jämtland, takwas suka rasu, ɗaya ya tsira. Tafiyar zango ɗaya ce tsakanin ɗaki da ɗaki, kuma can kudu da inda kake son zuwa. Bayan wannan musiba ne aka kafa majalisar kula da tsaron masu shiga duwatsu ta ƙasar. Darasin da masu koyarwa ke ciro wa daga irin wannan shi ne a nemi mafaka tun da sauran ƙarfi, tun yatsu na iya riƙe shebur. Wanda ya jira sai ya gaji sannan ya fara haƙa, ya makara. Maƙwabtansu na Norwe ma a cikin dokokinsu na shiga dutse sun rubuta cewa juyawa da wuri ba abin kunya ba ne. Mu dai mun riga su, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Yanzu tanti, tunda shi ne abin da ranka ke so. Ban hana ka ba. Abin da nake so shi ne ka kafa shi kusa da ɗakin STF, ka biya ɗan kuɗin da suke karɓa na amfani da kicin da ɗakin shanya, in dare ya yi maka tsauri ka kwashi jakar barcinka ka shiga ciki. Dokar ƙasar ta allemansrätten ta ba kowa damar kafa tanti a daji, amma a cikin gandun Abisko sai a wuraren da aka keɓe. Kayan tanti na hunturu sun fi ƙarfin baya, a pulka ake jan su, wani abu kamar ƙaramin kwale-kwalen roba da ake ɗaurawa a ƙugu. Kilo 35 a pulka ya fi kilo 20 a baya sauƙi, sai dai a gangara yana da halin akuya, yakan so ya riga ka sauka.

Da ka isa, kada ka zauna. Zura jaket, ka daddale wurin da siki, ka ba shi kamar rubu'in awa ya ƙanƙare. Tantin ya zama na hunturu, dogo mai kama da rami, ka juya ƙarshensa wajen da iska ke fitowa. Turakun ƙasa ba sa kama dusa, akwai faffaɗa na musamman da ake binnewa a kwance, siki da sandunansa ma turaku ne. Ka tara dusa a kan gefunan tantin, amma ka bar kafofin iska a buɗe. A shirayin tantin ka haƙa rami mai zurfin gwiwa, ka zauna ka saki ƙafafu kamar a kujera. Wanda bai taɓa kwana a dusa ba ba zai gane daɗin wannan ramin ba.

Yawancin masu kwana suna rawar ɗari jakar barci suke zargi, alhali daga ƙasa sanyin ke shigowa. Nauyin jikinka na matse jakar a ƙarƙashinka ta zama ba komai. Tabarma biyu ake shimfiɗawa, ta roba mai kauri a ƙasa, mai hurawa a sama, don in mai hurawar ta huje ta robar ce za ta kai ka safiya. Jakar barci kuwa lambar da za ka duba ita ce ta jin daɗi, ba wadda suke bugawa da manyan haruffa ba, wannan ta ƙarshen ma'anarta ba za ka mutu ba kawai. Don Maris ka nemi mai 25 zuwa 30 ƙasa da sifili, ko ka haɗa biyu. Jakar ba ta ƙirƙirar zafi, naka take tsarewa, don haka ka shiga da ɗumi: ka ci abu mai maiƙo, ka ɗan yi tsalle-tsalle, ka cika gora da ruwan zafi ka sa tsakanin cinyoyi. Kada ka cusa fuska ciki kana numfashi, tururin bakinka jiƙa ta zai yi. Waya, batir, safar gobe da tafin cikin takalmi duk tare za ku kwana. Ka kuma tanadi gorar fitsari mai faɗin baki wadda siffarta ta bambanta da ta ruwan sha. Kada ka yi dariya, ƙarfe ukun dare za ka gode mini.

Takalmi na taɓa bari a shirayi a daren da ya kai 27 ƙasa da sifili, ban ko buɗe bakinsa ba. Da asuba na same shi kamar an sassaƙa shi da itace. Kusan awa guda na yi ina rungume da shi a cikin jaket kamar jariri, abokaina sun gama naɗe tanti suna tsaye suna daskarewa saboda ni. Tun daga ranar nake buɗe shi warwar kafin in kwanta, in sa shi a leda a ƙarƙashin gwiwoyina.

Ruwa aiki ne a can. Duk abin da za ka sha sai ka narkar, kuma tukunya cike da sabuwar dusa ba ta ba ka abin da ya wuce ɗan kofi. Ka fara da ɗan ruwa a gindin tukunyar, in ba haka ba gindin ƙonewa yake ruwan ya yi ƙauri. Ka ware awa biyu kowace yamma don wannan. Ƙaramin gas na kamfe da ka yi amfani da shi a Yuli zai ci amanarka: butan yana daina zama iska a wajen sifili, isobutan a wajen 12 ƙasa da sifili, propan ne kaɗai ke jurewa har wajen 42, shi kuma kaɗan ne a cikin gwangwanin, shi ke fara ƙarewa. Risho mai famfo da ke shan farin fetur shi ne na hunturu. Ni ina lissafa kwatan lita ga mutum ɗaya a rana, in ƙara na kwana biyu. Ka koyi kunna shi da kwance shi a gida, da safar hannu. Ka kunna shi a waje, don farkon kamawarsa harshen wuta yake tashi, tanti kuma cikin daƙiƙoƙi yake cinyewa. In iska ta tilasta maka girki a shirayi, ƙofa a buɗe. Hayaƙin da ke kashe iyali a gida idan an kwana da janareta ko gawayi a ɗaki, shi ne dai wannan, ba launi ba wari. Ciwon kai a cikin tanti ana girki, a kashe wuta a fita.

Ka sha lita uku zuwa huɗu a rana ko ba ka jin ƙishi, sanyi ɓoye ƙishi yake. Filas biyu na ruwan zafi kowace safiya. Abinci kuwa wajen ninki biyu na abin da kake ci a gari, mai yawan maiƙo. Man shanu a cikin komai, gyaɗa, cuku, cakulan. Garin kwaki da madarar gari da sukari a ruwan zafi ya fi yawancin abincin leda da suke sayarwa da tsada. Dabino yana da kyau, amma ka cire ƙwallon ka yayyanka tun a gida ka sa a aljihun ciki, in ba haka ba haƙori zai karya maka. Kada ka sa a aiko maka da kilishi, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama daga waje a kayan matafiyi, busasshen naman ren, dabbar nan dangin barewa da mutanen Sami ke kiwo, shi ne kilishin can. Abiskojaure, Alesjaure da Sälka suna da ɗan kanti, Tjäktja da Singi babu. In za ka sayi gwangwani ka duba kalmomin fläsk da gris, naman alade ke nan.

Ba ka tambayi salla ba, amma na san za ta zo. Kai matafiyi ne, kana da kasaru, in kuma tafiyar ta faɗo cikin azumi kana da rangwamen sha ka rama, ka karɓe shi, don jan pulka ba ruwa a ciki neman ciwo ne. Jiƙa hannu da fuska a fili cikin iskar digiri 20 ƙasa da sifili cutar da kai ne. A ɗaki ka yi alwala da ruwan ɗumi ka busar sosai. A hanya akwai taimama, Amru ɗan Asi ya yi ta saboda tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana shi ba. Abin da ya ba ni mamaki, Ahalari da muka karanta muna yara ya lissafa ƙanƙara cikin abubuwan da ake taimama da su, muna haddacewa ba mu taɓa ganinta ba. Ni dai ɗan dutse nake sawa a aljihun ciki, ya fi sauƙi ga yatsu.

Dalilin da ya sa na nace kada ka je kai kaɗai shi ne sanyi in ya shiga jiki, hankali yake fara taɓawa. Zafin cikin mutum na sauka ƙasa da digiri 35 sai tunani ya fara lauyewa, shi kuma bai sani ba. Na ga haka a ƙasan mashigar Tjäktja. Wani abokin tafiyarmu, ƙaƙƙarfan saurayi mai yawan surutu, sai ya yi shiru. Ya faɗi sau biyu a wurin da ba abin faɗuwa. Na ce ya ja zif ɗin rigarsa, ya yi ta lalube ya kasa, yana ce mini lafiyarsa lau, mu ci gaba, har da fushi. Muka shigar da shi vindsäck, muka zaunar da shi a kan tabarma, muka canja masa rigar ciki, muka ɗura masa shayi mai sukari. Bayan kamar minti arba'in ya dawo yana tambayar me ya sa muka tsaya. Da shi kaɗai ne da ya ci gaba. In rawar ɗari ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba, ko ya fara magagi, abin ya wuce shayi: a kwantar da shi a hankali, a lulluɓe, a kira 112. 'Yan sanda ne ke tura masu ceton dutse. Sai dai mafi yawan hanyar ba sabis na waya, akwai wayar gaggawa a ɗakunan, tsakaninsu kuwa sai na'urar da ke aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, ana ba da hayarta. Ko ka kira, in iska ta yi yawa jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi.

Sauran a gurguje. A kan tafki ka bi alamu, ka nisanci mashigar ruwa da mafitarsa, nan ƙanƙara ke da rauni. Wani lokaci ruwa kan taru a ƙarƙashin dusa a saman ƙanƙarar, in ka ga sawunka ya yi duhu ka kauce, ka kankare sikin nan da nan kafin ya daskare. Hanyar da aka yi wa alama ta kauce wa mafi yawan wuraren zaftarewar dusa, mai barinta ya hau gangare sai ya yi kwas ya kuma duba hasashen lavinprognoser.se. Taswirar takarda da kamfas, ka iya su. Baƙin tabarau dole ne, hasken Afrilu a kan dusa yana ƙona ido, baƙar fata ma na ƙonewa a hanci da leɓe. In ka ga garken ren ka tsaya nesa su wuce, matan na da ciki a lokacin, gudu na cutar da su, kuma dukiyar mutane ce. Kowane ɗaki ka rubuta sunanka da inda ka dosa a littafin baƙi, ka tambayi mai gadin labarin gaba, shi ne madugun wurin. Ɗakunan ba lantarki ba famfo, kai za ka ɗebo ruwa a ramin ƙanƙara, ka faskara itace, ka bar wa na bayanka busasshe a gefen murhu.

Hutun Disamban kuma kada ya tafi a banza, ba a fafe gora ranar tafiya. Fritidsbanken na ba da aron kayan wasanni kyauta na kwana 14, ka karɓi siki ka je filin Nydala da ke nan Umeå kullum har faɗuwa ta ishe ka, sannan ka fara yi da jaka a baya. Ka zaɓi daren da aka ce zai kai 15 ƙasa da sifili, ka kafa tanti a dajin da bai fi tafiyar minti goma daga ɗakinka ba, da makulli a aljihu. Ka narkar da dusa, ka yi girki, ka kwana, ka naɗe da safe ba tare da ka cire safar hannu ba. Ka rubuta duk abin da ya ba ka wahala, ka gyara, ka sake a Janairu sau biyu. A Fabrairu ka nemi mutum biyu, aƙalla ɗaya ya taɓa yin hanyar da hunturu, ko ka shiga ayarin STF mai jagora. In ka yi kwana ukun nan, ka rubuto mini abin da ya jiƙe da abin da ya daskare, sai mu duba jerin kayanka ɗaya bayan ɗaya.